Chuck Yeager: Makanikin Da Ya Tsere Wa Ƙarar Jirginsa

 

Kafin a yarda fasinja ya hau sabon jirgin sama, sai wani ya fara tashi da shi don gwaji, ko ya dawo ko ya halaka. Yau za mu ɗan tsakuro tarihin ɗaya daga cikin masu wannan aiki, wani Ba'amurke mai suna Chuck Yeager.

An haife shi a 1923 a jihar West Virginia. Ɗan ƙauye ne, bai taɓa shiga jami'a ba. A 1941 ya shiga soja a matsayin makanikin jirgi, sai a 1943 ya zama matuƙi. A Maris 1944 Jamusawa suka harbo jirginsa a Faransa. Ya sauka da laima, ya tsallaka duwatsu zuwa Sifen, ya kuma koma fagen daga.

To jama'a, a wancan zamani in jirgi ya kusa kamo saurin sauti, sai ya kama makyarkyata, ya ƙi bin matuƙi. A 1946 wani matuƙin gwaji na Ingila, Geoffrey de Havilland ƙarami, ya rasa ransa garin irin wannan gudu. Shi ma Yeager, da aka ba shi jirgin roka Bell X-1, ya gamu da matsalar. Shi da abokin aikinsa Jack Ridley suka gano cewa in ana karkata dukkan faffaɗar wutsiyar jirgin, zai sarrafu.

Ana saura kwana biyu babban gwaji, doki ya kayar da shi, haƙarƙari biyu suka karye. Ya ɓoye wa manyansa. Ƙofar jirgin ma ba ya iya rufewa, sai Ridley ya yanko masa guntun sandar tsintsiyar Bature ya danna da ita. Ranar 14 ga Oktoba 1947, jirgin B-29 ya ɗauki nasa a ƙarƙashin ciki, ya sake shi a saman hamadar Kalifoniya. Yeager ya yi gudun kusan mil 700 a awa, ya zama mutum na farko da aka tabbatar ya wuce saurin sauti.

A 1953 ya ninka wannan gudu fiye da sau biyu. Ya yi ritaya a 1975 yana birgediya janar, ya rasu a 2020 yana da shekara 97.

Mu lura, ba ƙarfin hali kaɗai ya fisshe shi ba. Kafin ya tuƙa jirgi, sai da ya san cikinsa, ƙusa da ƙusa. Saboda haka yaron da muka gani da baƙin mai a riga, kada mu raina shi.