Babur Mai Suna Sufamoto: Sayensa Da Kiwonsa

 Ni yaro ne a gabanku, ba ni da abin da zan koya muku game da mulki. Amma an umurce ni in yi muku bayani a kan wani irin babur da a ke kira sufamoto, wanda samari su ke ganin hotunansa a waya suna sha'awa. Dalili kuwa, idan ɗa ko bara ya so sayensa, wurinku zai zo neman kuɗi ko shawara, in kuma ya faɗi da shi, ƙofarku za a fara kawo labari.

Bari mu soma da asalinsa. A shekarar 1979, a ƙasar Amurka, wani mutum mai suna Gavin Trippe ya shirya wata tsere a Carlsbad ta Kalifoniya, wadda a ke nunawa a talabijin da sunan Superbikers. Nufinsa a tara gwanayen tseren kwalta da gwanayen tseren turɓaya a fili ɗaya, a ga wanda ya fi. Saboda haka a ka yi filin wani sashe kwalta, wani sashe ƙasa. A 1985 a ka daina yinta a can, sai mutanen Faransa su ka ɗauka su ka raya ta, har a 2002 a ka soma gasarta ta duniya.

To, babur ɗin da ya fito daga wannan tsere, jikinsa na babur ɗin daji ne, watau dogo, marar nauyi, mai silinda guda. Amma an cire masa manyan ƙafafu, na gaba mai inci 21, an sa masa ƙanana masu inci 17 gaba da baya, da tayoyi masu laushi irin na kwalta, da babban faifan birki a gaba. Misalinsa shi ne Suzuki DR-Z400SM, wanda ya fito a 2005, mai inji cc 398, nauyinsa kamar kilo 146. Akwai kuma KTM 690 SMC R da Husqvarna 701, waɗanda ƙarfinsu ya wuce na doki 70. Ku auna wannan da ƙaramin babur mai cc 100 da mu ka saba gani a kasuwanninmu, wanda bai kai ƙarfin doki 10 ba. Yaron da ya koyi tuƙi a kan ƙaramin, in ya murɗa hannun babban kamar yadda ya saba, sai ƙafar gaba ta tashi sama. In kuma ya damƙe birkin gaba da ƙarfi, sai ta baya ta tashi ta jefar da shi.

Abin da na fi so ku riƙe daga jawabin nan shi ne, sufamoto iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya su ke. Akwai na tsere zalla, kamar Husqvarna FS 450, akwai kuma wanda a ka yi don hanya, kamar Suzuki ɗin da na ambata. Ku da ku ke da barga kun fi ni sanin bambancin dokin sukuwa da dokin rangadi. Na sukuwa ya fi kyan gani ran hawan salla, amma Shamaki ya san abin da ya ke ci.

Na tsere, da sa'o'i a ke lissafin aikinsa. Baƙin man da ke cikinsa bai fi lita ɗaya da ɗan kai ba, kuma masu ƙera shi sun ce a juye shi bayan ko wace sa'a 10 zuwa 15 ta tafiya. Malamin da ke yawon ƙauyuka sa'a uku kullum, ashe ke nan duk kwana biyar sai ya sake mai, in ya daɗe. Fistin ɗinsa ma ba a barinsa ya wuce sa'a 100 ko kusa da haka. Har wa yau ba shi da fitila, ba shi da madubi, ba shi da wurin lamba, gama ba a yi shi don hanyar jama'a ba. Na hanya kuwa, Suzuki ya kan yi kilomita 6,000 kafin a juye mai, KTM 690 kuwa kilomita 10,000. Gudunsa bai kai na tsere zafi ba, amma ya kan yi shekaru yana aiki in an kula da shi. Don haka tambaya ta fari ga mai sayarwa ita ce, wane iri ne wannan, ina kuma littafinsa?

Sa'an nan sai kiwo. Abu na ɗaya, matatar iska. Lissafin da ke cikin littafin an yi shi ne don ƙasashen da ba su da ƙura kamar tamu. Matatar yawancin waɗannan babura soso ce, ana wanke ta, a shanya ta bushe, a shafa mata mai don ta kama ƙura. Da hunturu, a kan hanyar burji, wajibi ne a duba ta ko wane mako. Na taɓa ganin wani saurayi wanda babur ɗinsa ya rage gudu, wani makaniki ya cire matatar ya yar, ya ce ita ke shaƙe injin. Lalle gudu ya dawo, amma kafin damina ta faɗi ƙura ta cinye fistin da bawul, babur na tuƙa hayaƙi. Yau yana jingine a zaure, kaji na kwana a kansa.

Abu na biyu, baƙin mai. A babur, man da ke cikin inji shi ne ke jiƙa giya da kuloci, saboda haka man mota ba ya dacewa, ya kan sa kuloci ya riƙa zamewa. A nemi wanda a ka rubuta JASO MA a jikin galan. Shi Suzuki kuma a cikin ƙarfen jikinsa ya ke ajiye mai, sai an ta da inji ya yi 'yan mintoci kafin a auna. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar babu, ya ƙara har ya yi yawa.

Abu na uku, sarƙa. A wanke ta, a sa mata mai, musamman bayan ruwa ko rairayi. Kada a ɗaure ta tamau kamar ta keke, gama ƙafar baya tana hawa da sauka da nisa, tana bukatar sassauci kamar faɗin yatsa biyu ko uku. Abu na huɗu, lagireto. Da ruwa a ke sanyaya injin nan, in laka ta toshe lagireto, ko ruwan ya ƙare, da bazara inji zai ƙone. Abu na biyar, fetur mai tsabta. Na bakin hanya wanda a ka gauraya ya kan toshe kafireto, ya fi kuma yi wa sababbi ɓarna, waɗanda famfo ke fesa musu mai.

Akwai kuma abin da kiwo ba ya gyarawa. Tayar sufamoto ba ta da ƙaya, a kan kwalta ta kan kama ƙasa ƙwarai, amma a cikin taɓo ko yashi santsi gare ta, ƙaramar ƙafa kuma ba ta hawa rami kamar babba. Tayar baya ba ta daɗewa. Tankin Suzuki lita 10 ne kurum. Sirdin siriri ne mai tauri, ba ya ɗaukar buhu, goyo ma da ƙyar. Kayan gyaransa ba su cika samuwa a kasuwar ƙauye ba, sau da yawa sai an aika birni ko ƙasar waje, a zauna jira. Gundumar da yawancin hanyoyinta burji ne da fadama, babur mai manyan ƙafafu da taya mai ƙaya ya fi mata amfani, ko ma ƙaramin nan da ko wane makaniki ya san cikinsa.

Daga ƙarshe, ranku shi daɗe, ina roƙonku abu uku. Kada ku yarda a sayi babur ɗin nan sai an san irinsa, an ga takardunsa, an kuma san wanda zai gyara shi. Malamai su buɗe masa ɗan littafi, su riƙa rubuta ranar da a ka juye mai da yawan kilomita, kamar yadda su ke yi wa sauran kayan ofis. Sa'an nan a tilasta hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tsananta dokarta tun ran 1 ga Janairu, 2009. A kuma hana samari ɗaga ƙafar gaba a cikin gari, inda yara da tsofaffi da dabbobi ke ƙetarawa. Maganarku a kan wannan ta fi tawa nauyi a kunnensu.