MA'ANAR KALMAR "TARIHI" DA AIKIN DA KE GABANMU

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Tunda ƙungiyarmu ta ƙuduri aniyar rubuta tarihin garinmu, ya kamata mu fara sanin abin da kalmar ke nufi. Daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta shi ne ƙayyade lokacin da abu ya faru. Shi ya sa har gobe Balarabe da wannan kalma yake kiran kwanan watan da ake sa wa wasiƙa. A zamanin Halifa Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wajen shekara ta 17, aka tsayar da Hijira ta zama mafarin ƙidayar shekaru, domin a riƙa sanin takardar da ta riga wata.

Nan ne tarihi ya rabu da labari. Labari ya wadatu da "wai an ce". Shi kuwa tarihi sai ya tambaya: yaushe? Kafin me? Bayan me? Ku dubi tsohon littafin tarihin Kano da Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Darajarsa ita ce ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello, tare da shekarun da suka yi a kan gado.

Kakanninmu ma suna da nasu ma'aunin. Ba su cewa 1903, sai dai shekarar zuwan Turawa. Ba su cewa 1914, sai dai shekarar yunwar Kakalaba. Dattawan da ke zaune tare da mu kuwa da samun 'yanci a 1960 da canjin kuɗi na 1973 suke auna haihuwa da aure.

Jama'a, mun san sau nawa gardama ta tashi kan unguwar da ta riga kafuwa, ko gidan da ya fara riƙe sarauta, har zumunci ya yi rauni. Maganinta a jera abubuwa bi da bi. Saboda haka ina roƙon matasan da za su zauna da dattawa, duk labarin da aka ba su, su tambayi wane sarki ke ci, wane babban abu ya auku a shekarar. Abin da aka rasa lokacinsa a rubuta shi a matsayin labari, kada a ƙaga masa shekara.

A gaggauta, domin masu sanin kullum raguwa suke yi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.