Amanar Alƙalami: Haƙƙoƙin da ke Wuyan Malami Wajen Buga Muƙala

 

Abin da zan yi magana a kai yau ya shafi aljihun kowa a cikinmu, domin duk mun san cewa a kwalejoji da jami'o'i malami ba ya samun ƙarin girma sai ya nuna muƙalun da ya buga a mujallun ilimi. Waɗanda ke koyarwa a sakandare kuma suna karatun digiri na biyu ko na uku, su ma yanzu ana neman su buga wani abu kafin su kammala. Saboda haka da yawanmu mun ɗauki muƙala tamkar takardar shiga ofis, a miƙa ta a wuce. Ina so in tunatar da mu cewa muƙala shaida ce, kuma mutanen da ba mu sani ba za su gina hukunci a kanta.

Bari in fara da labarin da ya faru a Ingila. A watan Fabrairu na 1998, mujallar likitanci mai suna The Lancet, wadda tana cikin mafiya daraja a duniya, ta buga wata muƙala ta likita Andrew Wakefield da abokan aikinsa goma sha biyu. Sun duba yara 12 ne kacal a wani asibiti a Landan. Muƙalar ta jefa zargin cewa akwai alaƙa tsakanin allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus, wadda ake yi a haɗe, da larurar nan ta otizim da ke hana yaro magana da cuɗanya da mutane. Ita muƙalar ba ta ce ta tabbatar da alaƙar ba, amma a gaban 'yan jarida Wakefield ya nemi a dakatar da allurar a haɗe. Jaridu suka ɗauka, iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauka daga wajen kashi 92 cikin ɗari zuwa wajen kashi 80. A 2006 wani yaro ya rasu da ƙyanda, karo na farko a ƙasar tun 1992.

Wani ɗan jarida mai suna Brian Deer ne ya tono abin da aka ɓoye. A 2004 ya bayyana cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai kamfanonin allurar ƙara, kuma wasu daga cikin yaran an samo su ne ta wannan hanya. Ba a faɗa wa masu karatu haka ba. A shekarar ne goma daga cikin marubutan suka janye daga fassarar da aka yi wa sakamakon. Amma mujallar ba ta soke muƙalar gaba ɗaya ba sai a Fabrairu 2010, bayan shekara goma sha biyu, kuma a watan Mayu na wannan shekara hukumar kula da likitoci ta Birtaniya ta cire sunansa daga rajista. Wani bincike da aka yi a Denmak a kan yara fiye da 650,000, wanda aka buga a 2019, bai ga wata alaƙa ba. Duk da haka har gobe akwai iyayen da ke ƙin allurar saboda wannan magana. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Mu da muka ga abin da jita-jita ta jawo wa rigakafin shan-inna a Arewa a 2003 da 2004 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

A wannan labari mutum uku suka gaza, kuma kowannenmu zai iya samun kansa a kujerar ɗaya daga cikinsu.

Na farko shi ne marubuci. Haƙƙinsa ya faɗi abin da ya gani, ba abin da ya so ya gani ba. Idan ka raba takardun tambayoyi ɗari biyu, saba'in suka dawo, to saba'in za ka rubuta. Ba za ka zauna a ɗaki da biro kala uku ka cike sauran ba. Idan wani ya ba ka kuɗin binciken, ko kana da wata riba a sakamakonsa, ka bayyana. Idan ka ɗauki maganar wani, ka ambaci mai ita. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin a zaurukan karatu almajiri yakan ambaci malamin da ya karanta littafi a gabansa, kuma ana auna nauyin magana da wanda aka ji ta daga bakinsa. Satar fasaha ta saɓa wa wannan tarbiyya tun kafin ta saɓa wa dokar kowace mujalla.

Akwai kuma al'adar nan ta "saka ni a ciki". Wani abokin aiki ya taɓa tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, ka sa sunana a taka, ni ma in sa naka a tawa, kowa ya samu biyu." Na ji nauyinsa ƙwarai, domin mutumin kirki ne kuma na san halin da iyalinsa ke ciki. Amma na tambaye shi: idan gobe aka gano kuskure a lissafina, zai iya tsayawa ya kare shi? Ƙa'idar da editocin mujallun likitanci suka shimfiɗa, wadda sauran fannoni suka ara, ita ce sunan mutum ba ya shiga sai ya yi aiki na gaske a binciken, ya sa hannu a rubutun, ya amince da shi, kuma ya yarda ya ɗauki alhakinsa. Mafi muni shi ne malamin da zai ɗauki kundin ɗalibinsa ya buga da sunansa shi kaɗai. Ɗalibin ba zai iya magana ba saboda makinsa yana hannun malamin, kuma wannan rashin ƙarfi nasa shi ne ya sa laifin ya fi girma. Haka nan na'urorin ƙirƙirarriyar basira da suka shigo yanzu: wanda ya yi amfani da su ya faɗa, kuma ya sani duk ƙaryar da suka shirya masa, har da littattafan da babu su, a wuyansa take.

Na biyu shi ne mai tantancewa, wato masanin da edita ke tura wa muƙala ya duba kafin a buga. Aiki ne da galibi ba a biya, shi ya sa wasu ke yi masa riƙon sakainar kashi. Haƙƙinsa ya karanta da gaske, ya riƙe sirri, kada ya saci dabarar da ya gani, kada kuma ya danne aikin wani don gaba ko ya wuce da na abokinsa don kunya. Idan abin ba fanninsa ba ne, ya mayar.

Na uku shi ne edita. Da yawa cikinmu muna cikin kwamitocin mujallun sassanmu da tsangayoyinmu. Edita ba ya karɓar muƙala don marubucin ya biya ko don shugaba ne. Idan kuskure ya bayyana bayan bugawa, ya fito fili ya gyara ko ya soke, ba tare da jan ƙafa ba. Tun 1997 wasu editoci a Birtaniya suka kafa kwamitin ladubban buga bincike da ake kira COPE, kuma ƙa'idojinsa suna nan kyauta a intanet ga duk mai so.

Sai kuma mujallun 'yan damfara, waɗanda ke aiko mana da saƙo ta imel suna alƙawarin bugawa cikin mako guda in dai an biya. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya shirya muƙalar bogi a kan maganin sankara, ya cusa mata kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gani, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira ya jingina su ne ga Afirka. Duk lokacin da ɗayanmu ya kai kuɗinsa irin waɗannan wurare, yana ƙara wa masu raina binciken nahiyarmu hujja, kuma gumin malamin da ya yi aiki na gaskiya yana raguwa a idon duniya.

Ba zan ɗora wa malami laifin duka ba. Mutumin da ke koyar da aji mai ɗalibai ɗari uku, ba kuɗin bincike, ba wutar lantarki, albashi ba ya kai ƙarshen wata, sannan a ce ya kawo muƙala goma, an tura shi bakin rami. A nan ƙungiya take da aiki. Ina ba da shawara reshenmu ya nemi abu huɗu: kwamitocin ƙarin girma su riƙa karanta muƙalu maimakon ƙirga su, a fitar da jerin mujallun da aka amince da su, a riƙa sabunta shi, manyanmu su riƙa zama da sababbin malamai suna koya musu rubutu da ladubbansa, kuma a samar da hanyar da ɗalibi ko ƙaramin malami zai kai kuka ba tare da tsoron ramuwa ba. Ƙungiyar da ke neman haƙƙin 'ya'yanta a wurin gwamnati, muryarta takan fi ƙarfi idan ta tsabtace gidanta.

Ga iyalanmu da za su karanta wannan, ina roƙon ku yi haƙuri da maigida ko uwargida idan ƙarin girma ya yi jinkiri saboda sun ƙi bin gajeriyar hanya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan zamani na kwamfuta muƙalar da aka sata shekara goma da suka wuce ana iya gano ta cikin minti ɗaya. Mu da muke kama ɗalibi da satar amsa a ɗakin jarrabawa, ya kamata mu iya kallon idonsa ba tare da jin kunya ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.