Eritriya: Shekara 30 a Bakin Daga

Yau sharhinmu ya leƙa gaɓar Bahar Maliya. A 1952 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa Eritriya, tsohuwar mallakar Italiya, da Habasha a tsarin tarayya. Bayan shekara goma kacal Sarkin Habasha Haile Selassie ya rushe majalisar yankin, ya mayar da shi lardi. A ganina nan aka yi zaluncin da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, duniya kuma ta yi gum.

Tun ma kafin haka, ranar 1 ga Satumba 1961, ɗan gwagwarmayar Eritriya Hamid Idris Awate ya harba harsashin farko na yaƙin neman 'yanci a dutsen Adal. Yaƙi ya yi tsawo, har Tarayyar Sobiyet ta cika gwamnatin Habasha ta Mengistu da makamai. Mayaƙan ƙungiyar neman 'yancin Eritriya ta EPLF suka ja da baya zuwa duwatsun Nakfa, suka haƙa ramuka, har asibiti suka yi a ƙarƙashin ƙasa. Mata ma sun ɗauki bindiga. Nakfa ba ta faɗa hannun sojojin Mengistu ba, shi ya sa kuɗin ƙasar ke ɗauke da sunanta.

Mayaƙan EPLF sun shiga Asmara, babban birnin ƙasar, ranar 24 ga Mayu 1991. A ƙuri'ar raba gardama ta 1993, sama da kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci.