Shin Simintin Da Likita Ke Rufe Jijiyar Haƙori Da Shi Yana Kashe Ƙwayoyin Cuta?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau. Ya ce ɗansa mai shekara 9 ya faɗo daga kan keke, haƙorinsa na gaba ya karye har jini ya tsattsafo daga tsakiyarsa. Likita ya shafa wani farin abu kamar siminti a wurin, ya ce su dawo. Yanzu 'yan'uwa na cewa ai cuta aka rufe a ciki, gara a cire haƙorin kowa ya huta. Shi ne yake tambaya, shin simintin nan yana kashe ƙwayoyin cuta kuwa?

To Malam, mun gode. Amsar ita ce e, yana kashewa, amma da sharaɗi.

Da farko dai, a tsakiyar kowane haƙori akwai 'yar tsoka mai laushi wadda ta ƙunshi jijiyoyi da hanyoyin jini. Ita ce jinin nan ya fito daga gare ta. A shekarar 1965, wani masani mai suna Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka sun huda haƙoran ɓeraye har zuwa wannan tsoka. Ɓerayen da aka rena a inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya, tsokarsu ta warke. Sauran kuwa tasu ta ruɓe. Ka ga ke nan ƙwayar cuta ce abokiyar gāba, kuma ita likita yake ƙoƙarin tsarewa.

Abin da aka daɗe ana shafawa shi ne sinadarin kalsiyam haidiroksaid, wanda wani Bajamushe mai suna Hermann ya shigo da shi aikin haƙori a 1920. Yana da kaifi irin na kanwa ko ruwan toka. A ma'aunin da masana ke kira pH, ruwan sha yana kan 7, shi kuwa yakan kai 12.5. Yawancin ƙwayoyin cutar baki ba sa rayuwa a irin wannan kaifi. Sannan yakan sa haƙorin ya gina sabuwar katanga a ƙarƙashinsa cikin 'yan makonni. Illarsa ita ce yakan narke a hankali, ya bar kafa.

Daga baya Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya fito da wani siminti mai suna MTA, wanda hukuma a can ta amince da shi a 1998. Dangin simintin gini ne, amma tatacce, kada wani ya ce zai gwada na buhu! Yana daskarewa ko da akwai danshi, yana fitar da wancan kaifin, kuma ba ya saurin narkewa. Sai dai wani irinsa yakan sa haƙori ya yi duhu, shi ya sa a haƙorin gaba wasu likitoci suka fi son Biodentine na ƙasar Faransa.

Akwai kuma simintin da ake kwaɓawa da man kanumfari. Shi ma yana kashe ƙwayoyin cuta, amma yana ƙona tsokar idan ya taɓa ta. Don haka kada a cusa wa yaron kanumfari a wurin.

Yanzu ga sharaɗin. Ƙarfin kowane siminti yana raguwa da daɗewa. Abin da zai tsare haƙorin shi ne ciko mai ƙarfi da likita zai ɗora a kai, yadda yawu ba zai sami hanyar shiga ba. Don Allah kada ka saɓa ranar da ya ba ku.

Batun cirewa kuwa, ka tuna wannan haƙori ba zai sake tsirowa ba. Kuma a shekara 9 saiwarsa ba ta gama girma ba, sai da rayayyiyar tsoka za ta ƙarasa. Amma idan ka ga ciwo yana hana yaron barci, ko dasashi ya kumbura, ko haƙorin ya soma baƙi, to a koma asibiti nan da nan.

Allah Ya ba yaro lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.