Jawabin Rantsar da Sababbin Shugabannin Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare



A 1876 wasu ma'aikatan laburare, ciki har da Melvil Dewey, suka hallara a birnin Filadelfiya suka kafa ƙungiyarsu ta Amurka, wato ALA. Sana'arsu adana takardun jama'a, amma sai da aka doshi shekara 100 kafin nasu takardun su sami mazauni na dindindin. A 1973 ƙungiyar ta damƙa su ga Jami'ar Illinois da ke Urbana. Wasiƙun shugabanni, bayanan zaman kwamitoci, hotunan taruka, duk an jera su an ba su lamba, kuma har yau ana ƙara kai sababbi.

Bahaushe ya ce wanzami ba ya son jarfa, kuma maganar ta shafi nan gida. Ƙungiyar Nijeriya, NLA, ta tsiro ne a 1962 daga ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1954 bayan taron da UNESCO ta shirya a Ibadan a 1953. Ɗalibin da ke son sanin yadda aka yi ta fafutuka har aka sami hukumar rajistar ma'aikatan laburare a 1995, littafin bayanan taro zai nema, da wasiƙun da aka aika ma'aikatu, da amsoshin da suka dawo.

To, a ina reshen ƙungiyar yake ajiye irin waɗannan? Sau da yawa a kwali ne, a gidan sakatare. In an yi masa canjin wurin aiki, kwalin ya bi shi, ko ya zauna a sito, gara ta ci rabi, yoyon damina ya ƙarasa saura. Yanzu kuma shawara ta koma WhatsApp: waya ta faɗi a kasuwa, muhawarar shekara guda ta tafi da ita. Abin da ciwo, domin wurin ajiya ba nisa gare shi ba. Gidan Arewa na nan Kaduna tun 1970 yana wannan aiki, kuma jami'o'i na da ɗakunan adana takardu.

Saboda haka ana roƙon sababbin shugabanni su zaɓi ma'ajiya guda, su ƙulla yarjejeniya da ita a rubuce, su riƙa kai takardu duk ƙarshen wa'adi, na waya ma a buga su a haɗa.

Yanzu sai sakatare mai barin gado ya taso da kundinsa, a ƙirga a gaban jama'a, magajinsa ya sa hannu. Allah ya taya riƙo.