Magadan Nana Asma'u a Ƙauyukanmu



Yau maganarmu a kan Nana Asma'u ce, 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da magadanta.

Nana ta kai kimanin shekara 70 a duniya, ta rasu a Sakkwato a 1864. Ita ta kafa ƙungiyar mata ta 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa. Jaji ta koma ƙauye tana koya wa mata karatu da tsarki da salla, don Allah.

Jama'a, irin waɗannan mata ba su ƙare ba. Ku leƙa ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Tsanyawa. Za ku tarar da tsohuwa a kan tabarma, jika goye a bayanta, 'yan mata kewaye da ita da allunansu. In haihuwa ce, ita ake tasowa da tsakar dare. In rasuwa ce, ita ke wankan gawa. In ma'aurata sun saɓa, ita ke sasantawa.

Wa ke biyan ta? Babu. Wa ya rubuta tarihinta? Babu.

Kada mu jira sai ranar ta'aziyya. Ku je ku gaishe da wannan tsohuwa yau. Ku kai mata hatsi da magani, ku zaunar da jikokinta su rubuta abin da ta sani.

Wassalam.